Darasin sanin halittu: yadda yanayi ke zaɓen iri

Dattawa da yawa suna tune da nibakin. A shekarun 1970, in masassarar cizon sauro ta kama yaro, sai a ba shi nibakin. Kwana biyu ko uku ya miƙe, ya koma wasa. Yau likita ba ya ba da shi don wannan ciwo. Manoman wake ma suna da irin wannan kuka. Maganin da ya kashe ƙwari bara waccan, bana an fesa shi, ƙwari suna yawo bisa ganye kamar ba a yi ba.

Wasu suna cewa maganin zamanin nan jabu ne. Gaskiya ne akwai jabu cikin kasuwa, kuma yana yin ɓarna. Amma ko magani na ƙwarai, wanda ya fito daga hannun likita ko malamin gona, yana iya daina aiki bayan wasu shekaru. Maganin bai canza ba. Ƙwarin ne suka canza. Yadda hakan ke faruwa shi ne darasin wannan fitowa.

ABIN DA MANOMI YA RIGA YA SANI

Lokacin girbi, manomi mai hankali ba ya zuba hatsinshi duka wuri ɗaya. Yana ware zangarniya mai tsawo, mai cika, wadda tsutsa ba ta taɓa ba. Ita ce iri. Sauran su ne cimaka. Makiyayi ma haka. Yana barin ragon da ya fi kyau cikin garke, yana kai sauran kasuwa. Da irin wannan zaɓe, shekara bisa shekara, aka samu jar akuya ta Maraɗi, da ragon balami, da shanun Azawak masu nono.

Hatsi kanshi haka aka same shi. Kakanshi ciyawar daji ce mai ƙananan ƙwaya, wadda ke zubar da ɗiyanta ƙasa da zarar ta nuna. Mutanen da suna ɗibar wadda ba ta zube ba, suna shuka ta. Masu tonon kayan tarihi sun samu alamar hatsin gida a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali, mai shekara wajen 4500. Shibra da ke fitowa cikin gona har yau tana da halin kakan nan, shi ya sa take kakkaɓe ƙwayarta tun ba a zo girbi ba.

To, in babu manomi, babu makiyayi, wa ke zaɓe cikin daji?

Wani Bature mutumin Ingila, Charles Darwin, shi ya ba da amsa. An haife shi a 1809, ya rasu a 1882. Yana saurayi ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Beagle, ya yi shekara biyar yana kewaya duniya, daga 1831 zuwa 1836. Duk inda jirgi ya tsaya, sai ya sauka ya tara tsirrai, da ƙwari, da tsuntsaye, da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun da daɗewa. Da ya koma gida ya yi kiwon tantabaru, ya yi ta tambayar masu kiwo yadda suke zaɓe. Ya fi shekara ashirin yana tara hujja bai buga littafi bisa wannan batu ba. A 1858 wani mai suna Alfred Wallace ya aiko mashi da takarda daga tsibiran da ake kira Indonesiya yau. Shi ma ya gano abu guda, kuma tunanin ya zo mashi ne yana kwance da masassara. Aka karanta bayanin su biyu tare a birnin London a wannan shekara. Littafin Darwin ya fito a 1859.

Ga abin da suka ce, a taƙaice.

Ɗiyan uwa ɗaya ba su zama ɗaya. Cikin garke akwai mai jure ƙishirwa, akwai mai saurin gajiya. Wani ɓangare na wannan bambanci gado ne, yana bin jini daga uwa da uba. Sannan kowace halitta tana haifuwa fiye da abin da ƙasa ke iya ɗauka. Zangarniya ɗaya tana da ƙwaya fiye da dubu. Macen sauro tana zuba ƙwai ɗari ko fiye a zama ɗaya. Da dukansu za su rayu, da duniya ta cika cikin ƴan shekaru. Amma mafi yawa suna mutuwa tun ba su haifu ba. Fari ya kashe wasu, yunwa ta kashe wasu, ciwo da maƙiyi su ɗauki nasu. Waɗanda halinsu ya fi dacewa da wurin su ne suka fi tsira, su ne suka fi barin ɗiya. Ɗiyan kuwa sun gaji halin. In aka daɗe ana haka, sai garken duka ya canza kama.

Wannan shi ake kira zaɓen yanayi. Sunan yana iya ruɗar mutum, don yanayi ba ya da ido, ba ya da niyya irin ta manomi. Ya fi kama da rariya. Rariya ba ta san gari ba, ba ta san tsaki ba, amma in aka tankaɗe sai kowane ya ware.

TSUNTSAYEN DA AKA AUNA BAKINSU

An daɗe ana tsammani wannan aiki ba ya ganuwa da ido, sai an yi dubban shekaru. Ashe ba haka ba ne.

Cikin tekun Pasifik, wajen kilomita 1000 daga gaɓar ƙasar Ekwado, akwai tsibiran Galapagos. Darwin ya sauka can a 1835. Ɗaya daga cikinsu, Daphne Major, ƙarami ne ƙwarai, faɗinshi bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu mai zama cikinshi. Daga 1973, wasu masana biyu, miji da mata, Peter da Rosemary Grant, suka riƙa zuwa can kowace shekara tare da ɗalibansu. Suna kama wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, girmansu kamar na gwara. Su auna nauyi, su auna kaurin baki, su sa ma kowane zobe a ƙafa, su sake shi. Da haka suka san kowane tsuntsu, da uwarshi, da ɗiyanshi.

A 1977 aka yi fari. Ruwan da ya sauka duk shekara milimita 24 ne. Mai karatu ya gwada da Maraɗi, inda damana mai kyau ke ba da wajen milimita 500. Ciyawa ba ta yi ɗiya ba. Tsuntsaye suka cinye ƙananan tsaba masu taushi, sai manya masu tauri suka rage. Mafi yawansu ɗiyan wata ƙaya ce, ƴar'uwar tsaidau. Duk wanda ya taɓa taka tsaidau ba takalmi ya san taurinshi. Tsuntsu mai kaurin baki yana iya fasa shi. Mai siririn baki sai ya yi ta juya shi har ya gaji.

Kafin fari, tsuntsayen irin nan sun kai wajen 1200. Bayan fari, wajen 180 suka rage. Da aka duba littafin awo, sai aka ga waɗanda suka tsira yawanci masu girman jiki ne da kaurin baki. Da ruwa ya dawo suka yi ƙwai. Aka auna ɗiyansu, aka tarar bakinsu ya fi na tsuntsayen kafin fari kauri da wajen kashi 4 cikin 100.

A lura da kyau: babu tsuntsu ko ɗaya da bakinshi ya ƙaru don ya ji yunwa. Mai siririn baki ya mutu da siririn bakinshi. Garken ne ya canza, don waɗanda suka haifu ba su ne dukan waɗanda aka fara da su ba.

Labarin bai tsaya nan ba. A 1983 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata da watanni, fiye da milimita 1000. Tsibiri ya rufe da ciyawa mai ƙananan tsaba, ƙayar nan ta ja baya. Cikin shekarun da suka biyo, masu ƙaramin baki suka fi samun cimaka, suka fi tsira. Awon baki ya koma ƙasa. Ke nan babu halin da ya fi kyau har abada. Abin da ya ceci tsuntsu a shekarar fari shi ya zame mashi kaya a shekarar ruwa.

HATSIN NIJAR MA YA CANZA

A 1976 masu bincike sun bi ƙauyukan Nijar sun karɓi irin hatsi daga hannun manoma, suka adana shi. A 2003 aka koma ƙauyukan nan, su kusan 80, aka sake karɓa. Tsakanin shekarun biyu an sha fari, mafi muni shi ne na 1984, kuma damana ta gajarta a wurare da yawa. Aka shuka tsohon iri da sabon iri gefe da gefe cikin gonar gwaji ɗaya. Sakamakon ya fito a 2011.

Sunayen iri ba su canza sosai ba. Manoma ba su yar da irin kakanninsu ba. Amma hatsin 2003 ya fi na 1976 saurin fidda kai, karanshi ya fi gajarta, zangarniyarshi ma haka. Bambancin ƙarami ne, amma ya fito fili cikin awo. Dalili a bayyane yake. In ruwa ya ɗauke da wuri, hatsin da ya makara ba ya cika, ba ya shiga rumbu, balle ya zama iri. Wanda ya yi sauri shi ke bada ƙwaya. Nan hannun manomi da hannun fari sun haɗu bisa zangarniya ɗaya.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne irin gargajiya ba ɗaya ba ne tsaf. Cikin tiya guda akwai mai sauri, akwai mai nawa, akwai mai jure rairayi. In babu bambanci, rariya ba ta da abin warewa. Don haka manomin da ya karɓi irin zamani daga malaman gona, ya yi kyau ya bar ma irin gida kusurwa cikin gonarshi.

LISSAFIN SAURO

A ɗauka wani gari yana da sauro 1000. Cikinsu 10 kawai aka haifa da jikin da magani ba ya kamawa. Wannan misali ne don lissafi, ba ƙidaya ba ce. Aka fesa magani mai kashe 90 cikin 100 na sauro na kullum. Daga 990 sai 99 suka rage. Goman nan kuwa suna nan daram. Kowa ya ji daɗi, ya yi barci.

Sauro ba ya daɗewa bai hayayyafa ba. Daga ƙwai zuwa mai cizo, wajen kwana goma ne lokacin zafi. Da suka koma 1000, masu taurin nan sun zama wajen 92. Aka sake fesawa. Na kullum 908 suka koma 91, masu tauri 92. Yanzu rabi da rabi ke nan. Feshi na uku, sai ya zama cikin sauro 100 da suka rage, 91 masu tauri ne. Maganin da aka yaba jiya, yau ruwa ne. A zahiri gado ya fi wannan lissafi wuya, kuma abin ya fi haka ɗaukar lokaci, amma hanyar ke nan.

An ga haka kusa da gida. A 1954 aka fara fesa ɗakuna a yankin Birnin Kebbi, cikin Nijeriya, don yaƙi da masassara. Ɗaya daga cikin magungunan shi ne dieldrin. A 1955 aka tarar da sauron da dieldrin ba ya kashewa. Shekara biyu ba ta cika ba. A Nijar kuma, bayan rabon sange mai magani a ƙasa duka a 2005 da 2006, masu bincike sun ga alamar gadon jure maganin sange tana ƙaruwa cikin sauro.

Kada wani ya ji haka ya naɗe sangenshi ya aje. Sange katanga ce ko babu magani, kuma ya ceci yara masu ɗimbin yawa. Abin da aka yi shi ne aka ƙero sabon sange mai magani iri biyu. Sauron da ya kuɓuce ma ɗaya, da wuya ya kuɓuce ma na biyu. Hikimar ke nan kuma da ta sa malaman gona ke cewa kada a riƙa fesa magani iri ɗaya kowace damana, kuma kada a tsinka shi da ruwa fiye da ƙa'ida don ya kai gona biyu. Magani mai rauni yana kashe raunana kawai, ya bar ma masu tauri fili.

ABIN DA YA SAMU NIBAKIN

Masassara ba sauro ba ne kanshi. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, sauro ke ɗauko ta daga jinin wani ya zuba ma wani. Cikin jikin marar lafiya ɗaya tana iya kai miliyan dubbai. Cikin irin wannan taro, ba a rasa wadda ta bambanta.

Nibakin, wanda likitoci ke kira kulorokin, yana da arha, ana samun shi ko a tebur. Mutane suna sha ƙwaya biyu, in jiki ya yi sanyi su aje sauran don gobe. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar cutar da ba ta jin shi, a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma ƙasar Kolombiya. A 1978 aka gan ta a gabashin Afirka. Cikin shekarun 1980 ta iso yammacin Afirka. Yara da yawa sun mutu da magani cikin cikinsu. A 2005 Nijar ta koma ga sabon magani mai haɗi biyu, wanda ake sha kwana uku.

Ƙasar Malawi ta daina ba da kulorokin tun 1993. Bayan wajen shekara goma aka gwada, aka ga ƙwayar cutar can ta koma jin shi. Jure magani yana da tsada ga ƙwayar cuta. In babu maganin, wadda ba ta ɗauke da wannan kaya ta fi saurin yaɗuwa. Daidai da bakin tsuntsun da ya koma ƙasa bayan ruwa.

Sabon maganin ma ba tsira ya yi ba. An ga ƙwayar cutar da ke jinkirin mutuwa da shi a Kambodiya a 2008, daga baya a Ruwanda da Uganda. Uwar da ta tsaida magani rana ta biyu don yaro ya tashi, ta kashe masu rauni ta bar masu ƙarfi cikin jininshi. Sauro ya cije shi, ya kai ma ɗan maƙwabta. Haka yake ga mai tarin fuka da ya bar shan maganinshi kafin wata shida.

DAGA INA BAMBANCI KE FITOWA?

Darwin bai san wannan ba. An gano shi daga baya. Cikin jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado, kamar rubutu ne mai tsawo da ke faɗin yadda jiki zai ginu. Ɗa yana samun rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowace haifuwa sai an kwafe rubutun. Duk wanda ya kwafe darasi daga allo ya san wani lokaci harafi kan kuɓuce. Yawancin irin wannan kuskure ba ya canza komi. Wani yana cutarwa. Jefi-jefi wani ya zo da amfani. Ba magani ke sa sauro ya yi kuskuren da zai cece shi ba. Kuskuren yana zuwa ne da kanshi, magani ya tarar da shi.

Abin da jiki ya samu bayan haifuwa ba ya shiga wannan rubutu. Gobirawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna tsaga a fuska, amma ba a taɓa haifuwar jariri da tsaga ba. Ɗan maƙeri ba ya zuwa duniya da kanta a hannu. Raƙumin dawa na Kure bai samu dogon wuya don kakanninshi sun yi ta miƙa shi ba. Masu ɗan fin tsawo ne suka fi barin ɗiya, zuriya bayan zuriya.

In jama'ar dabba ɗaya ta rabu biyu, hamada ko teku ta shiga tsakani, kowane ɓangare yana bin rariyar wurinshi. Bayan zamani mai tsawo sai su kasa haɗa zuriya. Doki da jaki kakansu ɗaya, sun rabu wajen shekara miliyan 4 da suka wuce. Har yanzu suna da kusancin da za su haifi alfadari, amma sun yi nisan da alfadarin ba ya haifuwa.

EMASI

Mutum ma bai fita daga wannan ba. Ciwon emasi, wanda wasu ke kira amosanin jini, gado ne. Wanda ya gaji alamar S daga uwa da uba duka, wato SS, shi ke fama da ciwon ƙashi, da ƙarancin jini, da kumburin hannu tun yana jariri. Wanda ya gaje ta daga gefe ɗaya, wato AS, lafiyarshi lau, sau da yawa bai ma san yana da ita ba.

Abin tambaya: gadon da ke kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa? A wurare da yawa na yammacin Afirka, mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar AS ne. A ƙasashen sanyi kuwa da wuya a same shi. A 1954 wani likita, Anthony Allison, da ya yi aiki a gabashin Afirka, ya nuna dalili. Yaro mai AS yana kamuwa da masassara, amma ba ta cika kai shi ga mai tsanani ba, irin mai sa suma da mutuwa. Inda sauro ya yi yawa, yara masu AS sun fi masu AA kai girma, sun fi barin zuriya. Masassara ce ta riƙe alamar S cikin jama'a dubban shekaru, masu SS kuma su ke biyan kuɗin.

Ke nan emasi ba maita ba ce, ba jifa ba ne, kuma ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, kamar yadda dangin miji kan faɗa. Sai uba ya ba da nashi rabi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba. Kowane ciki sabon lissafi ne. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar AS biyu, in alamar tana cikin dangi. Awon jini ɗaya ya isa mutum ya san nashi. Ana yin shi a manyan gidajen likita, kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi a Yamai. Lokacin yin awon shi ne kafin a kai goro.